Ƙintari Tara

Ina shekara sha uku Baba ya raba mu.
Ba da faɗa ba. Jabana yake zubawa
ƙarƙashin rumfa, a Gadarif, bayan la'asar.
Baƙo ya tambayi yara, ya nuna da haɓa:
"Wancan Munzali, kansa na ja.
Wannan Jazuli, ƙarfi gare shi. Kowa da rabonsa."
Baƙon ya yi dariya. Ni ma na yi.
Na ɗauki maganar na sa a aljihu
kamar canjin da aka ce in riƙe.

Tun ranar na koma bencin baya.
Ustaz Awad zai rubuta lissafi a allo,
amsa ta taso min har bakin haƙori,
in ce mata: koma, ɓatan kai kika yi,
gidan Munzali kike nema, yana gaba.

Na ci talatin da ɗaya cikin hamsin.
Baba ya ce, "Ai ka yi ƙoƙari,"
da muryar da ake yi wa majinyaci sannu.
Munzali ya kawo arba'in da bakwai,
ya ce masa, "Ina ukun?"
Da dare na ji yayana yana kuka a ɓoye,
na kwanta ina hassadar kukan.

Inna ba ta san alif ba.
Kisra take toyawa, tun asuba hayaƙi a ido.
Ba ta taɓa cewa ina da kai ba,
ba ta ce ba ni da shi ba. Sai dai:
"Jazuli, matar Hamad ta ɗauki ashirin jiya,
sha biyar shekaranjiya, ta biya rabi,
ga dawa ta tashi, ga itace.
Riba muke yi ko wahala?"
In faɗa kafin ta ɗaye ta gaba daga kasko.
Ba ta sake ƙirgawa, ta ƙulle a haɓar zane.
Ban san wannan ma lissafi ba ne.
Na ɗauka aike ne.

Da kakar riɗi muka kai buhuna kasuwa.
Dillali ya daddanna waya da babban yatsa,
ya faɗi kuɗin ƙintari tara.
Ƙirjina ya ce: da saura, ya haɗiye rabin ƙintari.
Na dubi Baba. Na dubi silifas ɗina.
Wa ke sauraron mai ƙarfi a taron masu kai?
Na naɗe igiya, na ja bakina.

Sai a hanya, kan amalanke,
baƙar ƙasa ta tsattsage hagu da dama,
na faɗa wa bayan rigarsa.
Ya tsayar da jaki, ya sauka, ya tsuguna.
Ya zana da tsinke, ya share, ya sake zanawa,
leɓensa na motsi. Ya daɗe.
Ban taɓa ganin yatsunsa na rawa ba sai a kan bakwai sau tara.
Can ya ce, ba ni yake kallo ba:
"Ina aji huɗu aka ce hannuna ya fi kaina.
Kakanka ya faɗa, yana wasa lauje."
Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa.
Ba mu koma wurin dillalin ba.

Bai janye maganar rumfa ba,
ban ma san ko ya tuna ya yi ta ba.
Amma da wani baƙon ya zo ya tambayi yara,
Baba ya ɗaga haɓa, ya tsaya,
ya ce, "Sha, kada ta huce."

Ranar Lahadi Ustaz Awad ya cika allo.
Hannuna ya tashi, ya tashi,
ya kai daidai kunne,
na sosa ƙeya.
Canjin nan yana aljihu har yanzu,
sai dai na fara zargin ba a ƙirga shi daidai ba.